Ruwa, Sabulu da Rumbu: Zaman Gida a Shekarar Korona

Darasinmu na yau a kan annoba ne. Annoba ita ce cutar da ke kama mutane da yawa a lokaci guda, ta tashi daga wannan gida ta faɗa wancan. Mun san sanƙarau, wanda ya yi ɓarna ƙwarai a Nijar a shekarar 1995. Mun san ƙyanda, mun san amai da gudawa. Waɗannan sukan tsaya a yanki ɗaya, ko ƙasa biyu zuwa uku. Amma akwai annobar da ke game duniya baki ɗaya. Korona irinta ce.

An fara ganin ta a birnin Wuhan na ƙasar Sin, a ƙarshen shekarar 2019. Ran 11 ga watan Maris na 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta game duniya. Ran 19 ga watan aka ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu a Yamai. A cikin makon nan gwamnatin shugaba Mahamadu Isufu ta rufe iyakokin ƙasa. Ta rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram, ta rufe lakwal, ta hana taron da ya wuce mutum 50. Aka kuma rufe masallatai.

Daga Yamai zuwa Tasawa ya fi kilomita 700. Saboda haka mutumin Hawandawaki yana iya cewa: «Ni ban taɓa ganin mai Korona da idona ba.» Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. A duk faɗin Nijar, waɗanda awo ya tabbatar sun kamu sun ɗan wuce 9000, waɗanda suka rasu kuma sun ɗan wuce 300. Ba kowa aka auna ba, balle a ƙauye. Duk da haka, abin bai kai na wasu ƙasashe ba, domin a duniya an ƙirga mutum fiye da miliyan 7 da ta kashe. Wani abin da ya taimake mu shi ne yawan yara: kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, ita kuwa cutar ta fi kayar da tsofaffi.

To, amma tambayi uwargida. Ita ta ga Korona. Ta gan ta a bakin randa, ta gan ta a tukunya, ta gan ta a ƙofar rumbu. A kan wannan za mu yi magana.

Ruwa

Abu na farko da rediyo ya yi ta faɗi shi ne a wanke hannu da sabulu, a yawaita. Magana ce mai kyau. Sai dai duba lokacin da ta zo: Maris, Afrilu, Mayu. Tsakiyar zafi ke nan, lokacin da rijiya ke ja baya, ana layi a bakin famfo tun asuba. Azumi ma ya kama a ƙarshen Afrilu. Wanda ya ce a yawaita wanke hannu, ba shi ne ke jan guga ba. Mace ce ke ja, ita da yara.

Mu yi lissafi tare. Mu ɗauka gida mai mutum 8, kowa ya wanke hannu sau 5 a yini. Sau 40 ke nan. In ana kwarara ruwa da moɗa, rabin lita kan tafi a wanki ɗaya. Rabin lita sau 40, lita 20. Jarka guda cur ta tafi, ba a sha ba, ba a yi tuwo ba, ba a ba akuya ba. Shi ya sa gidaje da yawa suka ji maganar rediyo suka bar ta a rediyo. Ba taurin kai ba ne. Ruwan ne babu.

Akwai dabara, kuma ba ta cin kuɗi. Nemi ƙaramin galan mai lita 5. Ka ƙona ƙusa a wuta, ka huda ƙaramin rami ɗaya a kafaɗar galan, ƙasa da murfi kaɗan. Ka kafa itace biyu masu gwafa, ka gicciya sanda a kai, ka rataye galan ta hannunsa. Ka ɗaura igiya a wuyan galan, ɗaya bakin igiyar ka ɗaura shi a wata sanda da ke kwance a ƙasa. In ka taka sandar da ƙafa, galan ya sunkuya, ruwa ya zubo siriri. In ka ɗaga ƙafa, ya tsaya. Hannunka bai taɓa galan ba, bai taɓa moɗa ba. Sabulu kuma a huda shi, a rataye da zare a gefe, don kada ya faɗi cikin rairayi ko kaza ta tsattsage shi. A ƙarƙashi a haƙa ɗan rami a zuba tsakuwa, kada ruwa ya kwanta.

Yanzu mu sake lissafin. Da wannan galan, mu ce kowane wanki ya ci kashi ɗaya cikin goma na lita. Sau 40 ya zama lita 4. Lita 20 ina, lita 4 ina! Galan ɗaya ya ishi gidan yini guda, har da saura. In kika shuka zogale ko kabewa kusa da ramin, ruwan ma bai tafi a banza ba.

Ƙwaryar wanke hannu

Ga wani abu da muka gada, wanda ya kamata mu duba da idon basira. In an kawo tuwo, akan kawo ruwa cikin ƙwarya ɗaya ko kwano ɗaya. Maigida ya tsoma hannu, baƙo ya tsoma, samari su tsoma. Kafin ta kai ga ƙaramin yaro, ruwan ya zama kamar tsari. Wanda ya fi kowa rauni, shi ke wanka da dattin kowa. Girmama manya wajibi ne, babu mai ja. Amma girman bai ragu ba in yaro ya riƙe buta yana zuba ma babba ruwa a hannu, ƙwarya tana ƙasa tana tarewa. Ai wannan ya ma fi ladabi. Ka riƙe wannan: ruwan wanke hannu zuba shi ake yi, ba a tsoma hannu ciki.

Haka moɗar randa. Yaro ya fito daga bayan gida, ya ɗauki moɗa, ya nutsa ta har wuyan hannu. Ruwan gidan duka ya ɓaci. A sa ma randa murfi, a nemi moɗa mai dogon hannu, a rataye ta a ƙusa. Da ita ake ɗiba a zuba a kofi, ba a kai ta baki. Ludayin fura ma haka. In wani yana tari ko mura, a ware masa nasa ludayin da nasa kofin har ya warke. Wannan ba ƙyama ba ce, kuma gara a gaya masa da baki mai daɗi tun kafin ya ji haushi.

Wani zai ce: «Mu da muke alwala sau biyar, wane wanke hannu kuma?» Alwala tsarki ce, kuma tana rage datti. Amma ƙwayar Korona tana da wata riga ta maiƙo a jikinta. Kun san yadda kwanon miya mai mai yake: ruwa kaɗai ba ya fid da shi, sai an sa sabulu. Haka ita ma. Sabulu ne ke farke rigar, ƙwayar ta mutu. A cuɗa hannu sosai, ciki da baya, tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Ƙirga daga 1 zuwa 20 a hankali kafin ka ɗauraye.

Sabulu kuwa kuɗi ne, kuma sabulun da aka ajiye a tsakar gida ba ya kwana uku. Ga yadda za a ja shi ya daɗe. A sami gorar roba mai lita ɗaya da rabi. A zuba garin omo giram 30, wajen babban cokali 3 ke nan. A cika da ruwa, a girgiza, a huda murfin. Ɗan kaɗan ake matsawa a tafin hannu. Ran da babu ko wannan, toka mai tsabta daga murhu ta fi hannu banza. A cuɗa da ita, a ɗauraye sosai.

Iska

A farkon annobar an fi ba da ƙarfi a kan hannu. Daga baya masana suka tabbatar cewa Korona ta fi bin iska. Mai cutar in ya yi tari, ko atishawa, ko magana ma kawai, ƙwayoyin suna fita da numfashinsa. A fili iska takan watsa su. A ɗaki rufaffe kuwa suna taruwa, kamar yadda hayaƙi ke taruwa in an hura wuta an rufe ƙofa. Mutum yana iya ɗauke da ita kwanaki bai sani ba, wani har ya warke bai taɓa kwanciya ba, amma ya ba wasu.

A nan zamanmu na karkara ya taimake mu. Hira a gindin bedi muke yi, da zafi kuma a tsakar gida muke kwana. Inda haɗarin yake shi ne ɗakin mara lafiya. Kun san halinmu. Da an ce wane ba shi da lafiya, sai a rufe taga, a sa labule, dangi su cika ɗakin maƙil, kowa da tasa «sannu». Zumunci ne, amma a lokacin annoba zumuncin na iya komawa gida da guzurin da ba a so. A fid da mara lafiya rumfa in zai iya. In ba zai iya ba, a buɗe ƙofa da taga. Mutum ɗaya ya yi jinya, ya ɗaura ƙyallen rufe baki da hanci, wanda ake ce ma takunkumi. Tela na iya ɗinka shi da atamfa ninki biyu ko uku, a riƙa wanke shi kullum ana shanyawa a rana. Masu gaisuwa su tsaya daga bakin ƙofa.

Wanda za a fi kiyayewa shi ne tsoho da tsohuwa, da mai ciwon suga, da mai hawan jini. In ɗa ya dawo daga tafiya yana tari, kada ɗakin kaka ya zama masaukinsa. A lokacin Korona mako biyu aka ce mai dawowa ya keɓe. Alamominta su ne zazzaɓi, busasshen tari da kasala, wani kuma ya daina jin ƙanshi da ɗanɗano. In numfashi ya fara wuya, zancen jiƙo ya ƙare. A nemi amalanke ko ɗan kabu-kabu, sai gidan likita.

Rumbu

Yanzu mu zo inda abin ya fi ciwo. Mu mutanen bakin iyaka ne. Rabin cinikinmu da Nijeriya muke yi: Mai'aduwa, Daura, Katsina, Kano. Tun watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakarta, kafin ma a ji sunan Korona. Sai ga tamu rufewar ta zo a kai a watan Maris. Ƙofa ɗaya, kwaɗo biyu. Sai a watan Disamba na 2020 Nijeriya ta buɗe wasu mashigai, irin su Illela da Maigatari. Nijar kuma ba ta buɗe nata na ƙasa ga matafiya ba sai a watan Yuni na 2021. Ba a daina wucewa ta hanyoyin daji ba, kowa ya san haka. Amma hanyar daji tana da tsada, kuma tsadar a kan mai saye da mai sayarwa take faɗawa. Mai rago ya sayar da araha, mai sayen gishiri da mai ya saya da tsada.

Ga kuma ƴan ci-rani. Da an gama kaka, samarinmu sukan tafi biɗa. Amfanin tafiyar biyu ne: suna aiko da kuɗi, kuma bakinsu ya fita daga rumbu. A ƙarshen Maris na 2020 aka hana fita a Legas da Abuja, a watan Afrilu kuma aka hana fita a Kano, aka rufe Daura. Mai tura ruwa, mai yankan farce, mai shayi, mai dako, duk aiki ya tsaya. Kuɗi suka daina zuwa. Ɗan abin da ya zo ma, naira ta faɗi a shekarar, in an canza ta zuwa sefa sai ka ga kamar an gutsure. Wasu suka maƙale can, wasu suka dawo hannu banza. A watannin nan ne kuma gwamnonin arewacin Nijeriya suka yi ta mai da almajirai garuruwansu.

Ɗauki alƙalami, mu koma gidan nan mai mutum 8. Mu ce suna cin tiya 2 ta hatsi a yini. Buhu mai kilo 100 yana da tiya 40, kwana 20 ke nan. Daga farkon Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da sabon gero ke shigowa, wajen kwana 180 ne. Kwana 180 sau tiya 2, tiya 360. Buhu 9. Mu ce maigida yana da buhu 9 ɗin daidai, hankalinsa kwance.

Sai ga samari biyu sun dawo daga Kano, ga almajiri ɗaya an kawo. Baki ya zama 11, kuma bakin saurayi ba irin na yaro ba ne. Yanzu tiya 3 ake awo. Raba 360 gida 3: kwana 120. Hatsin zai ƙare a ƙarshen Yuli. Wata biyu suka rage kafin kaka, kuma lokacin ne ake tsakiyar noma, lokacin ne hatsi ya fi tsada a kasuwa. Daga nan sai cin bashi, a karɓi tiya ɗaya a biya biyu da kaka. Ko maigida ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani. Wani har irin shuka ya ci.

Wanda ya yi wannan lissafin tun ran da samarin suka sauka, yana da wata huɗu na neman mafita. Wanda bai yi ba, sai ran da matarsa ta ce masa: «Malam, ƙwarya ta taɓa ƙasa.» A ganina babban amfanin karatun da kake yi ke nan. Da damma ake ƙirga abin da ke rumbu, to a rubuta su: dami nawa aka zuba, dami nawa ake fiddawa a mako, tiya nawa dami ke bayarwa in an sussuka. Kuma a yi lissafin tare da uwargida. Ita ke awo, ita ta san gaskiyar tiya. Maigida da yawa ba ya son mace ta san abin da ke cikin rumbu. A shekarar lafiya ma wannan ba dabara ba ce, balle a shekarar annoba.

Mafitar ba ta da yawa, amma akwai. A ware irin shuka tun farko, a ɗaure shi daban, a haramta ma tukunya. A haɗa hatsi da wake, da ganyen zogale, tafasa da rama da aka shanya tun damina. In an ji gwamnati ta kawo hatsin rahusa ta hannun OPVN, a je da wuri. A shekarun Korona jika 13 aka riƙa sayar da buhu mai kilo 100, ƙasa da kuɗin kasuwa sosai, sai dai ba ya isar kowa. Garin da ke da bankin hatsi kuma, a kula da shi tun da kaka, a mai da abin da aka ranta. Bankin da aka cinye a shekarar ƙoshi ba ya ceton kowa a shekarar wuya.

Jarin mata

Lakwal ta rufe daga 20 ga Maris har 1 ga Yuni. Biki da suna suka ragu, matafiya suka ragu a tasha. Wa ke sayen ƙosai da waina da fura? Wa ke sayen ƙuli-ƙuli da man gujiya? Jarin mace ƙarami ne, kullum juya shi ake yi. In ya kwana uku bai juya ba, sai a fara cin uwar kuɗi. Yara kuma suna gida yini guda, kuma yaron da ke gida cikinsa ba ya rufuwa.

A nan asusu ya nuna amfaninsa. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi aka fara su, a shekarar 1991, da taimakon ƙungiyar CARE. Daga nan dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da yawa. Mata su haɗu duk mako, kowa ta zuba ɗan abin da aka yanka, a ranta ma mai bukata, ta biya da ɗan ƙari. Wasu ƙungiyoyin suna ware wani ɗan kuɗi daban don rashin lafiya da mutuwa. In an hana taro, asusu ba sai ya mutu ba. Ana iya zuwa da ɗai-ɗai a zuba, ko a zauna a fili da tazara. Amma sai da mai rubutu, wadda za ta sa sunan kowa da abin da ta kawo. In babu rubutu, kuma babu taron da kowa ke gani da idonta, zargi ne zai shiga. Ke da kike koyon rubutu yanzu, kujerar nan taki ce.

Tsoron likita

Akwai wata ɓarna da ba a gani da ido. A shekarar nan mutane da yawa sun ji tsoron zuwa likita. Wani na tsoron ya kamu a can, wani na tsoron a ce yana da ita a tsare shi. To, amma sauro bai ji an rufe iyaka ba. Zazzaɓin cizon sauro ya zo da damina kamar kullum. Mai ciki ba ta fasa haihuwa ba. A ƙasashe da dama har zagayen rigakafin shan inna aka dakatar na wasu watanni. Yaron da aka ɓoye a ɗaki da zazzaɓi kwana uku, don tsoron wata cuta, cutar da muka saba da ita ce za ta iya ɗauke shi.

Saboda haka, ko ana annoba, awon ciki yana nan, rigakafin yara yana nan. Tun shekarar 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, ko da yake wani lokaci magani kan yanke. Maganin kariya daga zazzaɓi da ake rabawa gida-gida da damina, daga Yuli zuwa Oktoba, a karɓa a ba yaro har ya cika kwana ukunsa kowane wata. Katin rigakafi kuma a sa shi cikin leda, a duba ranar da aka rubuta. Yanzu ai kana iya karanta ta da kanka.

Ji-ta-ji-ta

Rufe masallatai ya yi ma mutane zafi ƙwarai. A Miriya har tarzoma aka yi, haka a wasu unguwannin Yamai gab da azumi. Ran 13 ga Mayu aka sake buɗe su. A 2020 da 2021 babu alhajin da ya tafi Makka daga nan, domin Saudiyya ba ta karɓi baƙi daga waje ba. Malamai da yawa sun tunatar da cewa addini da kansa ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya hana na ciki fita. Wasu kuma suka ce duk abin ƙarya ne.

Maganganu sun yi yawa a salula. An ce cutar Turawa ce. An ce zafin ƙasarmu na kashe ta. An ce ta masu kuɗi ce. Amma ta kashe Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban Nijeriya, a watan Afrilu na 2020. Ta kashe ministan ƙwadago na Nijar, Mohamed Ben Omar, a farkon Mayu, ana tsakiyar zafi. A Kano kuma, a watan Afrilun nan, an yi ta binne dattawa fiye da yadda aka saba. Da allurar rigakafi ta iso Nijar a ƙarshen Maris na 2021, sai aka koma cewa tana hana haihuwa. An yi ma mutane biliyoyi ita a duniya, kuma ba a daina suna ba.

In saƙon murya ya shigo salularka, yi masa tambayar da kake yi ma baƙo: daga ina, ɗan wane ne? In ba shi da suna, ba shi da gari, kada ka tura ma wani. Ka tambayi ma'aikacin lafiya na garinku, wanda ka san fuskarsa, wanda gobe ma za ka same shi a wurin.

Ran 5 ga Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Korona ta fita daga matsayin gaggawa. Cutar ba ta ɓace ba, ta dai yi sauƙi. Amma tun kafin nan wata ta riga ta ƙwanƙwasa ƙofa. Da daminar 2021 amai da gudawa ya ɓarke a Nijar. Ya kama mutum fiye da 5000, ya kashe sama da 150, kuma jihar Maraɗi na cikin inda ya fi tsanani. Shi wannan ta ruwa da hannu da abinci yake bi. Galan ɗin nan mai igiya, da murfin randa, da moɗa mai dogon hannu, sun fi ma aiki a kansa.

Ga abin da za a ba mai gudawa kafin a kai shi likita, in babu ƙunshin gishirin likita a gida. Ruwa mai tsabta lita ɗaya, wanda aka tafasa ya huce. Suga ƙaramin cokali 6, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. Gishiri rabin ƙaramin cokali. A motsa, a ɗanɗana: kada gishirinsa ya fi na hawaye. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ko yana amai, ana tafiya ana ba shi. In jariri ne, kada a daina ba shi nono. Abin da ya kwana a zubar, a haɗa sabo.

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kwafe wannan awon a littafinka da manyan baƙaƙe: lita 1, suga 6, gishiri rabi. A shafi na biyu rubuta yawan mutanen gidanku, da tiyar da kuke ci a yini, da abin da ya rage a rumbu. Fid da ranar da zai ƙare. Sa'an nan ƙara baki uku, ka sake fiddawa. Ka zo da amsoshin biyu, za mu duba su a allo.